Yadda Ake Haɗa Makamashin Kunna Wuta a Gida Don Amfani a Gona da Daji

Duk wanda ya taɓa kwana a gona lokacin damina, ko ya bi garke zuwa mashekari, ko dare ya riske shi a inda babu gida kusa, ya san cewa riƙe ashana a aljihu daban, tashin wuta kuma daban. Ni na gane haka ne wata safiya cikin watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, lokacin da na tsuguna a bakin bukkar gona ina ƙyasta ashana ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin itacen da ya sha jiƙa, har kwalin ya kusa ƙarewa, ban samu komai ba sai hayaƙi da hawaye. Wani dattijo da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu ya zo wucewa, ya tsaya ya dube ni, ya ce: "Ɗana, ai ba daga itace ake farawa ba." Sai ya zaro ɗan gwangwani daga aljihun taguwarsa, ya ciro auduga da aka murza da man kaɗe, ya zare busasshiyar ciyawa daga cikin jinkar bukkar, ya kakkarya 'yan karare a kai, kuma da tsinken ashana guda ɗaya tukunyar shayi ta hau wuta. Abin da ya yi a gabana cikin minti 2, shirinsa ya faro ne tun daga gida, kuma wannan shiri shi ne abin da za a bayyana a nan daki-daki.

Matakai uku da wuta ke hawa

Tsinken ashana yana ci ne na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, kuma zafin da yake bayarwa bai isa ya ƙafar da danshin da ke cikin guntun itace ba, balle ya kai shi ga kamawa. Saboda haka wuta tana buƙatar tsani. Matakin farko shi ne makamashi, wato abu mai laushi da sirantaka wanda tartsatsi ko ɗan harshen wuta ke kamawa nan take. Kalmar ta zama ta 'yan jarida a yau, suna kiran fetur da lantarki da ita, amma tushenta na nan a cikin "kama". Mataki na biyu shi ne ƙirare, daga masu kaurin tsinken tsintsiya zuwa masu kaurin fensir, sannan masu kaurin babban yatsa. Mataki na uku shi ne itacen girki, wanda ya kai kaurin wuyan hannu ko ya fi. Kowane mataki aikinsa ya ci tsawon lokacin da zai busar da na gaba da shi ya kuma kunna shi, kuma yawancin wutar da ke mutuwa a hannun mutane tana mutuwa ne saboda an tsallake matakin tsakiya, an ɗora ƙaton itace kai tsaye a kan 'yar ciyawa.

Makamashin da ake haɗawa a gida amfaninsa guda ɗaya ne: ya tsawaita ran harshen wutar farko daga daƙiƙa 10 zuwa minti 3, ko 5, ko 10, domin ƙiraren da ke da ɗan danshi su samu damar bushewa.

Abin da daji ke bayarwa kyauta

Kafin a je ga abin da ake sarrafawa, ya kamata mutum ya san abin da zai tsinta a hanya, domin gwangwani yakan ƙare, yakan kuma ɓata. Audugar rimi ce a sahun gaba. Idan 'ya'yan rimi suka bushe suka fashe a cikin rani, audugar takan bi iska ta maƙale a jikin shinge da ƙaya, kuma a nan ne ya kamata a tara ta a ajiye. Zarenta yana da rami a ciki, yana kuma da wani santsi da ke hana shi shan ruwa da sauri, shi ya sa tartsatsi guda ke isar ta. Aibinta shi ne gaggawa: takan tashi fuu ta mutu kafin mutum ya janye hannunsa, don haka ba a amfani da ita ita kaɗai, sai an cusa ta a tsakiyar murzajjiyar ciyawa. Audugar gurjiya da ta tumfafiya duk halinsu ɗaya da ta rimi. Tumfafiya tana da sauƙin samu domin tana fitowa a kufai da gefen hanya da gonar da ta gaji, amma a ɗebi audugar daga ƙwallon da ya riga ya bushe ya tsage da kansa, kada a fasa ɗanye, saboda farin ruwan nan nata yana da lahani sosai ga ido. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannunsa kafin ya kai shi fuska.

Ciyawa kuwa, ba kowace ce ke da kyau ba. A nemi mai siririn ganye wadda ta bushe a tsaye, kamar ƙyasuwa da ganyen gamba, a guji wadda ta kwanta a ƙasa domin tana riƙe raɓa ko da samanta ya yi kama da busasshe. A damƙi cikin hannu guda, a murza ta tsakanin tafuka har ta yi laushi ta fara fitar da gari, sannan a lanƙwasa ta a yi mata siffar sheƙar tsuntsu, mai rami a tsakiya. Wannan sheƙa ita ce za ta karɓi garwashi ko auduga.

Ɓawon ararraɓi, wanda wasu ke kira hano, yana saɓulewa daga jikin bishiyar sirara-sirara kamar takarda, kuma bishiyar tana da ƙaro mai ƙamshi da ke taimaka wa wuta. A ɗebi wanda ya riga ya ɗago kawai, ba sai an sassaƙi bishiyar ba. Zaren da ke gindin ganyen dabino da na goriba, da busasshen soso, da zaren rama da aka tsefe, duk suna kamawa da kyau idan an wargaza su. Manomi kuma yana zaune ne a kan tarin makamashi: fallen masara, da totuwa, da ɓawon gyaɗa, da farin ɓargon da ke cikin karan dawa. Idan aka tsaga kara aka ciro wannan ɓargo, za a same shi a bushe ko da bayan karan ya jiƙe. Ɓawon lemo da aka shanya har ya yi ƙaraurau shi ma yana ci da ƙarfi saboda man da ke jikinsa, ga ƙamshi.

Busasshen kashin shanu yana da wani aiki na dabam da ya kamata a sani. Ba ya saurin ba da harshe, amma idan ya kama yakan yi ta cin kansa a hankali na tsawon lokaci, saboda haka makiyaya ke amfani da shi wajen riƙe wuta da ɗaukar ta daga wuri zuwa wuri. A zaɓi wanda ya yi fari-fari ya yi sakayau a hannu. Wanda cikinsa ke da sauran duhu bai gama bushewa ba.

Auduga da mai

Wannan shi ne mafi sauƙin haɗawa, kuma a ganina shi ya fi dacewa da wanda bai taɓa gwadawa ba. Ana buƙatar auduga ta gaskiya, ko ta gona da aka gurje ko wadda ake sayarwa a kemis, da basilin ko man kaɗe, da ƙaramin gwangwani mai murfi. Da farko a yago auduga a dunƙula ta kamar girman goro. Sai a lakato mai da yatsa, kwatankwacin ƙwayar gyaɗa biyu, a shafe bayan dunƙulen da shi, a murza har ya shiga, amma a bar tsakiyar a bushe. Wannan ƙa'ida ita ce mutane suka fi karyawa, suna ganin yawan mai shi ne yawan wuta, alhali audugar da ta jiƙe sharkaf ba ta kama tartsatsi, kuma ko da ashana sai an daɗe ana lallashinta. Busasshen zaren ciki shi ne ke karɓar wuta, man kuma shi ne abincinta, kamar yadda lagwani yake da kananzir a cikin fitila.

Idan lokacin amfani ya yi, a tsaga dunƙulen gida biyu, a jawo busasshen zaren sama ya yi buzu-buzu, a kunna daga nan. Dunƙule guda mai wannan girma yakan ci tsawon minti 3 zuwa 5, kuma hakan ya wadatar a yawancin ranaku.

Man kaɗe yana aiki sosai, yana kuma da arha a ƙauye, sai dai yana narkewa da zafin jiki kawai, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, zai zama ruwa ya ratsa cikin audugar gaba ɗaya, ya kuma ɓata aljihu idan murfin bai kama ba. A bazara basilin ya fi shi jurewa, kodayake shi ma yakan saki. Man gyaɗa da manja suna ci, amma na amfanin take ne, a ɗiga a kunna a wurin. Idan aka ajiye su sukan yi wari su jawo tururuwa da ɓera.

Kaki da garin katako

Ga wanda zai yi kwanaki a waje cikin damina, wannan ne ya fi ƙarfi, domin ruwa ba ya shigarsa kuma yana daɗewa yana ci. Kayan haɗinsa su ne guntayen kyandir ko kakin zuma, da garin katako, da kiret ɗin ƙwai na kwali, da tukunya, da tsohon gwangwanin tumatir babba wanda aka wanke ya bushe. Masu cin zuma a karkara sukan zubar da saƙar bayan an tace, alhali idan aka tafasa ta cikin ruwa aka tace da tsumma aka bari ta huce, kakin zai taso ya daskare a sama, kuma babu kakin da ya fi shi kyau ga wannan aiki.

A kula da inda aka ɗebo garin katako. A karɓi na tsagwaron katako daga wajen masu yanka ko kafinta, mai ɗan kaushi wanda ya haɗu da siraran sassaƙe, a guji na filawud da na allunan da aka matse da gam, da na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, saboda hayaƙinsu guba ne, kuma a kan wannan wuta za a dafa abinci. A baza garin a rana yini guda cur. Idan babu garin katako, dakakken ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa da aka gauraya da yayyagaggiyar auduga za su maye gurbinsa.

Mataki na farko shi ne a cika kowane gurbi na kiret ɗin da garin, har kusan baki, ba tare da an danna shi da ƙarfi ba, domin kaki ya samu hanyar ratsawa. A soka ɗan zaren auduga ko guntun tsumma a tsakiyar kowane gurbi, a bar kansa a waje kamar santimita 2, shi ne zai zama lagwani. A ɗora kiret ɗin a kan tsohon faranti ko kwali mai kauri, saboda kaki zai yoyo ta ƙasa.

Mataki na biyu, narkar da kaki, shi ne wurin da ake samun haɗari, don haka a bi shi a tsanake. Ba a ɗora gwangwanin kaki kai tsaye a kan wuta. A zuba ruwa a tukunya kamar zurfin yatsu uku, a tsayar da gwangwanin a cikin ruwan, a sa guntayen kaki a cikin gwangwanin, sannan a ɗora tukunyar a kan wuta mai sauƙi. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, na kyandir ma a kusa da haka ko ƙasa kaɗan, ruwa kuma ba ya wuce digiri 100 komai tafasarsa, saboda haka muddin akwai ruwa a tukunyar kakin ba zai kai zafin da zai kama wuta ba. A yi aikin a tsakar gida, a kori yara daga wurin, kada kuma a tafi a bar tukunyar. Idan tsautsayi ya sa kaki ya kama, a kife murfin tukunya a kansa ko a zuba yashi. Kada a kuskura a watsa masa ruwa, domin ruwan zai tafasa nan take ya fantsama kakin mai ci a jikin mutum da duk abin da ke kusa.

Mataki na uku, a ɗan matse bakin gwangwanin tun kafin a fara don ya yi hanci, a kama shi da tsumma mai kauri ko filaya, a tsiyaya kakin a hankali a kowane gurbi har garin ya jiƙe ya canja launi. Ba a so ya yi tafki a sama. A bar shi a inuwa kamar awa 2 ya daskare, sannan a yanka kiret ɗin gurbi-gurbi da wuƙa, a bar wa kowanne ɗan kunnen kwali, domin shi ma wurin kunnawa ne idan lagwanin ya karye. Kiret ɗaya yana ba da guda 30, kuma kowanne yakan kai minti 10 yana ci da harshe mai tsayi wanda iska ba ta saurin kashewa. A ranar da itace ya bushe sosai, rabin guda ya isa, don haka a raba shi da wuƙa a rage asara.

Kakin da ya rage a gwangwani kada a zubar. A tsoma totuwar masara da ta bushe a ciki, a juya ta, a ciro a jingine. Za ta zama makamashi mai kyau ga masu gawayi. A kuma tsoma kawunan ashana guda 20 ko 30, ɗaya-ɗaya, zuwa rabin tsinken, a shanya su. Waɗannan ba sa jin danshi, sai dai a kankare kakin da farce kafin a ƙyasta. A tuna cewa ashanar zamani ba ta tashi sai a jikin gefen kwalinta, don haka a yanko wannan gefe a naɗe shi a wuri mai bushewa tare da su, amma kada ya riƙa gogar kawunan.

Ƙonannen tsumma da ƙyastu

Kafin ashana ta zo, da ƙyastu kakanninmu ke tada wuta, kuma har yanzu dabara ce da ta cancanci a koya, domin ƙarfe da dutse ba sa jiƙewa, ba sa kuma ƙarewa. Tartsatsin da ake gani ɗan ɓarɓashin ƙarfe ne da kaifin dutse ya kankaro, wanda zafin bugun ya sa ya kama. Saboda haka ba kowane ƙarfe ke bayarwa ba: sai mai tauri wanda ya sha horo, irin na tsohon magagari ko sifirin ɗin mota. Ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, na cokula da wuƙaƙen kanti, ba ya ba da komai. Kowane maƙeri zai iya ƙera ƙyastu daga guntun magagari, ya lanƙwasa masa mariƙi, ya tsoma shi a ruwa da zafinsa don ya yi tauri. Dutsen kuma ƙanƙara ake nema, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake samu a tsakuwa da gindin duwatsu. A fasa shi don a samu baki mai kaifi.

Ba kullum tartsatsin ƙyastu ke da ƙarfin kunna audugar da ba a ƙona ba, amma ƙonannen tsumma yana cafke shi tun a bugun farko ko na biyu. Ga yadda ake yin sa. A samo tsumma na tsantsar auduga, kamar tsohuwar atamfa ko singileti ko wandon jins. Don a tabbatar, a kunna bakinsa: auduga tana warin takarda tana barin toka mai laushi, yadin roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri, kuma wannan ba shi da amfani a nan. A yanka tsumman murabba'i-murabba'i, kowanne kamar santimita 5, a jera guda 10 zuwa 15 a cikin ƙaramin gwangwanin ƙarfe mai murfi, irin na man takalmi da aka goge tas, ba tare da an cusa su ba. A huda murfin da ƙusa, huda ɗaya tak, a rufe, a ɗora a kan garwashi.

Bayan ɗan lokaci hayaƙi zai fara fita ta hudar da ƙarfi, wani lokaci ma ya kama da ɗan harshen wuta, kuma wannan ba matsala ba ne. Abin da ke faruwa shi ne tsumman yana zama gawayi, kamar yadda itace ke zama gawayi idan aka rufe shi da ƙasa aka hana shi iska. Idan hayaƙin ya tsaya, yawanci bayan minti 5 zuwa 10, a janye gwangwanin da sanda, a toshe hudar da tsinke, a bar shi ya huce sarai. Wanda ya yi gaggawar buɗewa zai ga tsummansa ya kama ja ya cinye a gabansa da zarar iska ta shiga. Tsumman da ya yi daidai baƙi ne wuluk, yana ɗaukuwa a hannu ba tare da ya marmashe ba. Idan ya fito ruwan ƙasa-ƙasa bai gama ba, a mayar da shi. Idan kuma yana zama gari da an taɓa, an wuce da shi.

Wajen ƙyastawa, a riƙe dutsen a hannun hagu da kaifinsa yana kallon sama, a ɗora guntun ƙonannen tsumma a kansa daf da bakin, a danne da babban yatsa. A riƙe ƙarfen a hannun dama a sauko da shi a karkace, ya shafi kaifin dutsen kamar ana so a fere ƙarfen, ba a sara shi kai tsaye ba. Da tartsatsi ya faɗa, za a ga ɗigon ja yana faɗaɗa a jikin tsumman. A sa shi a ramin sheƙar ciyawar nan, a naɗe ta a kansa a hankali, a ɗaga ta sama da fuska kaɗan don hayaƙi ya wuce, a riƙa hurawa da dogon numfashi marar ƙarfi. Hayaƙin zai yi kauri ya koma fari sosai, daga nan sai harshe ya tashi, a kife sheƙar a ƙarƙashin ƙirare.

Laitar da gas ɗinta ya ƙare ita ma ƙyastu ce. Ɗan dutsen da ke cikinta haɗin ƙarfe ne da wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya samar a 1903, kuma tartsatsinsa ya fi na ƙyastun maƙera zafi nesa ba kusa ba. Idan aka cire murfin ƙarfen da ke bakinta aka kusanta ta da audugar rimi ko ƙonannen tsumma, tana kunna su. Haka kuma da tsakar rana gilashin ƙara girman rubutu, ko tabaran karatu na dattawa, yana tara hasken rana a ɗigo guda ya kunna baƙin tsumman cikin daƙiƙoƙi. Tabaran masu matsalar hangen nesa ba ya yi, domin shi watsa haske yake yi.

Jera wutar

A fara da share wuri. A kankare ciyawa da ganye har a ga ƙasa, faɗin taki biyu ta kowane ɓangare, a kuma nisanci jinka da rumbu da tarin kara da rassan da suka sunkuyo. A hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa kuma komai ya bushe ƙayau, a ƙara faɗin sharar, a haƙa ɗan rami a kafa murhu a kansa. Duwatsun murhu kada a ɗebo su daga cikin rafi, saboda ruwan da ya shige su yakan zama tururi ya fasa su da ƙarfi.

A tara dukan matakai uku a gefen hannu kafin a taɓa ashana. Siraran ƙirare a tara abin da zai cika hannu biyu, sannan a ƙara wani kamarsa, domin kullum abin da mutum ya zata ya isa ba ya isa. A damina a karyo matattun rassan da ke tsaye a jikin bishiya maimakon na ƙasa. Busasshen reshe yana karyewa da ƙara, ƙas, mai danshi kuwa lanƙwasawa yake yi. Idan duk sun jiƙe, a faskara masu kauri a fere cikinsu da wuƙa, domin ruwan sama ba ya cika wuce bayan itace. A shimfiɗa 'yan sanduna a jere a ƙasa su zama dandamali, don kada sanyin ƙasa ya tsotse zafin wutar farko.

A ajiye makamashin a kan dandamalin, a kwantar da guntun itace mai kauri a bayansa, a jingina siraran ƙirare a jikin itacen ta yadda za su rufa wa makamashin ba tare da sun danne shi ba. Mutum ya juya wa iska baya, ya kunna daga ɓangaren da take fitowa, ta yadda za ta tura harshen cikin ƙiraren. Sai an ji masu kaurin tsintsiya sun fara ƙara sannan a ƙara masu kaurin fensir, kaɗan-kaɗan, ana barin ƙofofin iska. Wutar da ke ta hayaƙi ba harshe tana neman iska ne, a ɗaga ƙiraren kaɗan a yi mata fifita daga ƙasa.

Masu gawayi, kamar masu shayi da masu gasa masara da nama, za su ji daɗin wata dabara mai sauƙi. A cire sama da ƙasan babban gwangwani, a hudhuda gefensa ta ƙasa, a tsayar da shi a kan makamashin kaki guda ɗaya, a cika shi da gawayi, a kunna ta cikin huda. Gwangwanin yana jan iska daga ƙasa zuwa sama, kuma cikin kamar minti 15 gawayin zai yi ja, sai a ɗage gwangwanin da filaya. Wannan ya raba mutum da al'adar nan ta kunna gawayi da leda ko guntun silifa, wadda hayaƙinta ke shiga ƙirji ya kuma kama abinci, ga ɗigon narkakkiyar roba da ke manne wa fata. Fetur kuwa ba abin kusanta da wuta ba ne ko kaɗan, domin tururinsa ne ke kamawa, yana kuma bin ƙasa ya iso ƙafar mai kunnawa kafin ya ankara. Kananzir ma an sha samun wanda aka gauraya da fetur ya yi bindiga a hannun masu amfani da shi. Komai sanyin hunturu kuma, kada a shigar da garwashi cikin rufaffiyar bukka ko tanti a kwanta, saboda gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Ajiya da kashewa

A raba kayan gida biyu: gwangwani ɗaya a jaka, ƙarami kuma a aljihu, don idan ɗaya ya faɗa ruwa ɗayan ya tsira. Ƙonannen tsumma yana shan danshin iska, saboda haka a ba shi nasa gwangwanin mai kamammen murfi, a kuma riƙa shanya shi lokaci-lokaci a damina. Makamashin kaki kada a bar shi a cikin motar da ke tsaye a rana, zai narke ya haɗe wuri guda.

Idan an gama, a wargaza itacen, a yayyafa ruwa, a juya tokar da sanda, a sake yayyafawa har ƙarar cuu ta daina. Binne wuta da busasshen yashi kaɗai ba ya kashe ta, yakan ma adana garwashin har wayewar gari, kamar yadda mata ke rufe shi da toka a murhu don girkin safe, kuma iskar hunturu na iya tone shi ta kai shi cikin karan gonar wani. Inda ruwa ya yi ƙaranci, a gauraya garwashin da ƙasa ana juyawa ana murƙushe shi har ya mutu. Daga ƙarshe a kusanta bayan hannu da tokar, a bi ta ko'ina har gindin duwatsun murhu, kuma idan an ji ɗumi a wani wuri a sake juya wurin a jiƙa shi kafin a ɗauki jaka.